Gashi a Hammatar Pomona

Rum, 9 ga Satumba, 1672

Zuwa ga Yaya Pellegrino, a ƙauyen Torano.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ya rage a kan tsaunin nan naku. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura idan an yi ruwa. Ni ce Ortensia, jikar Benedetta ƙanwar kakanka. Rabonmu da juna tun ina 'yar shekara bakwai, ranar da aka ɗora ni a kan jaki aka taho da ni birni. An ce kai ke riƙe da ramin farin dutsen gidanmu yanzu. Ban san ko ka iya karatu ba. In ba ka iya ba, ka nemi wanda ya iya, amma mai hankali.

Mijina Fabrizio ya rasu bara, ya bar wa ɗanmu Lelio shagon sassaƙa. Shekara goma yaron nan yana sassaƙa wa wasu yatsun ƙafa da naɗin riga, su kuma su rubuta sunansu a ƙasa. To yanzu wani Kardinal, cikin manyan da ke kusa da Paparoma, ya ba shi aiki da sunansa, na lambun gidansa. In aikin ya yi masa, zai ba shi ɗaki guda a coci ya ƙawata. In bai yi ba, Lelio ya koma yatsun ƙafa har ya mutu. Ka ga ba wasa nake ba.

Ga zanen nan na haɗo da shi. Matar ita ce Pomona, wadda mutanen dā suka ɗauka uwargijiyar lambuna ce. Namijin shi ne Vertunno, wanda ya yi shigar tsohuwa don ya samu shiga wurinta. Lelio ya kama su daidai lokacin da Vertunno ya yaye mayafin tsufan, ita kuma ta ɗaga hannu sama don razana. Ba na tsammanin za ka fahimta, kuma ba a nemi ka fahimta ba. Ka dai auna.

Dutse ɗaya muke so, babba, fari fat, mara ko ɗigo. Kada ka aiko min da mai ruwan toka irin wanda kuke yin turmi da shi. Ya hau jirgin ƙarshe kafin hunturu ya rufe teku.

'Yar uwarka,
Ortensia

Torano, 20 ga Oktoba, 1672

Zuwa ga ƙanwata Tensa.

Baki nawa ne, alƙalami na Fada Anselmo, limamin cocinmu. Na tambaye shi ko yana da hankali kamar yadda kika sharɗanta, ya ce daidai gwargwado. Muna lafiya. Matata Zita tana gaishe ki, ta ce ta tuna ki da majina har leɓe, kina bin awaki. Allah ya jiƙan mijinki, ko da yake sai da kika buƙaci dutse muka ji ya mutu.

Mun ga zane. Fada ya buɗe, ya yi sauri ya kifa hularsa a kai, ya ce, "Wannan Kardinal ne ya ce a yi masa?" Na ce haka aka rubuta. Zita ta ɗaga hular ta leƙa, ta ce, "Oh, baiwar Allah, duk faɗin Rum an rasa mai ba ta zani." Ni dai ba ruwana. In manyan coci sun ga gumakan mutanen dā tsirara ne za su sa inabinsu ya nuna, su suka sani.

Duwatsu biyu gare ni masu wannan girman. Ɗaya yana da ɗan shuɗi-shuɗi, lafiyayye ne, amma ba zai sauko ba sai bayan bikin Ista. Ɗayan fari ne irin wanda kike so. Tunda kin ce fari kuma yanzu, shi na saukar. Mutum goma sha huɗu da igiya, kwana uku, sannan bijimai ashirin suka ja shi zuwa bakin teku. Yana cikin jirgin da ya kawo miki takardar nan.

Abu ɗaya, ki buɗe kunne. Akwai gashi. Na auna da zanen sau biyu, in yaron ya bi yadda ya zana, gashin zai fito daidai hammatar matar, ta hannun da ta ɗaga. Ki gaya masa ya juya ta, ko ya sa ta sauke hannun kowa ya huta.

Zita ta haɗo miki da cuku biyu da kitse mai gishiri.

Yayanki,
Pellegrino

Rum, 4 ga Disamba, 1672

Yaya Pellegrino,

Ina fata kuna lafiya. Ƙafar tana nan yadda take. Sunana Ortensia, ba a kira na da wancan sunan a garin nan. Dutse ya iso, kuma ba laifi, fari ne. Lelio ya zagaye shi yana shafa shi kamar ya ga amarya. Cukun na ba mai wanki. Kitsen kuwa sai da aka buɗe tagogi.

Yanzu in zo ga ƙarshen takardarka. Na karanta sau uku don in tabbata idona bai yaudare ni ba. Gashi a hammata! Kai yanzu, da furfurarka, aka ba ka zanen da Kardinal ya sa wa hannu, abin da ka hango a ciki ke nan? Kuma ka sa limami ya rubuta maka da hannun da yake ɗaukar gurasar coci? Na san a tsauninku abin da ake hira a kai ke nan idan an sha an ƙoshi. To ka sani, matan da ake sassaƙawa a Rum ba matan Torano ba ne, ba su da gashi a nan wurin, kuma ba mai sa su sauke hannu don kunyar mai fasa dutse.

Ni ke karanta wa Lelio takardu yana aiki, tun zamanin ubansa haka muke. Da ya ce, "Mama, me Kawu ya ce?" sai na ce, "Ya ce a gaishe ka, kuma bijimai ashirin suka ja." Ya yi dariya ya ce, "Allah sarki, Kawu." Na bar shi da wannan. Ba zan zuba wa ɗana wannan ƙazanta a kunne ba ranar da zai fara aikin rayuwarsa.

Hannun nan da kake so a sauke, shi ne aikin gaba ɗaya. Duk Rum ba wanda ya taɓa miƙa hannun dutse haka ba tare da ya tokare shi da wani abu ba. Kai aikinka ya ƙare a bakin teku.

Ortensia

Torano, 11 ga Mayu, 1673

Tensa,

Muna lafiya, ban da tarin da ya kwantar da Zita wata guda, ta tashi. Takardarki ta Disamba jiya ta iso. Mai alfadarin da kika ba ƙanƙara ta tsare shi a hanya, ya yi hunturu a wani masauki, ya manta da ita a cikin sirdi. Wata biyar! Da Fada ya karanta, sai ya ajiye ta ya dafe kai. Zita ta yi dariya har tarin ya dawo. Ni ban yi dariya ba.

Ke wace irin 'yar tsauni ce? Gashi shi ne tsaguwar da ke ɓoye a cikin dutse, siririya, ido ba ya ganinta. Na gan ta a jikin uwar dutsen inda muka yanko shi, kuma na ji ta da guduma. Lafiyayyen dutse yana amsawa kamar ƙararrawa, wannan ta gefe ɗaya yana amsawa kamar fasasshiyar tukunya. Duk mai riƙe guduma daga nan har Rum ya san kalmar. Da kin karanta wa Lelio layin nan, da kafin ki rufe baki ya gane.

Kin san abin da ya kashe ubanki? An ce miki dutse ya faɗa masa, don kina ƙarama. Gashi ne. Suna saukar da shi da igiya ya rabe biyu, rabin ya bi ta kansa. Ni na ɗauko takalminsa. Saboda kalmar nan aka ɗora ki a kan jakin nan, ke kuma kin je birni kin zama uwargida har kin ɗauke ta batsa.

Yanzu ya riga ya fasa dutsen, juyawa ta wuce. Amma in bai raba hannun da sauran dutsen ba, ya bar masa madogari. Matar lambu ce, ya sassaƙa reshen itace ya tokare gwiwar hannun, ba mai cewa komai. In ya riga ya raba, ya huda ya sa ƙarfe. Ki tashi daga inda kike zaune ki je ki gaya masa yau. Wannan takardar na ba matuƙin jirgi hannu da hannu.

Pellegrino

Rum, 2 ga Yuli, 1673

Yaya Pellegrino,

Lafiya muke, zafi ne kawai. A gaida Zita da jiki.

Maganar mahaifina ba ka kyauta ba, kuma ban yafe ba. Sauran kuwa, na ga dabararka. Ka yi ɓaranɓarama, an kama ka, ka zauna da limaminka kun ƙago mata fassara.

Duk da haka na gwada. Muna cin abinci na ce, "Lelio, wai mene ne gashi a wurin masu dutse?" Ya ajiye cokali ya ce, "Allah ya raba mu da shi, Mama. Wa ya yi miki zancensa?" Na ce, "A kasuwa na ji." Ya ce, "To ki bar shi a kasuwar." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Ya raba hannun tun watan Afrilu. Da ka ga hannun nan da ka yi shiru. Rana tana ratsa yatsun. Kardinal ya zo da kansa, ya tsaya a ƙasansa ya ce, "Me ya riƙe shi?" Lelio ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Wata uku ke nan yana tsaye, ko gezau. In je yanzu in ce ya huda shi ya cusa ƙarfe, saboda wani tsoho ya ji ƙarar tukunya a bara? Kuma in ce masa me, in ya tambaye ni tun yaushe na sani? Ban ga dalilin tayar masa da hankali ba.

Ortensia

Rum, 13 ga Nuwamba, 1673

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Shekaranjiya aka buɗe aikin a lambun Kardinal, da hantsi, gaban baƙi fiye da hamsin. An yi sanyi ƙwarai kwana biyu kafin nan, mutum-mutumin yana waje a lulluɓe. Da aka ja ƙyallen, sai bakinsa ya ɗan sarƙe a yatsun Pomona. Ɗan ja kaɗan aka yi, wanda ko kaza ba zai tayar ba. Hannun ya taho gaba ɗaya daga hammata, ya daki dakali, ya karye uku.

Can sai wani tsohon masassaƙi, cikin waɗanda Lelio ya yi wa bauta, ya ce da ƙarfi, "To, yanzu kam ta razana da gaske." Aka kwashe da dariya. Lelio ya durƙusa ya duba wurin karayar. Sumul yake, da ɗan rawaya-rawaya. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Gashi ne, Mama. Kawu ya cuce ni."

Jiya wakilin gidan Kardinal ya zo. Ya ce masassaƙan gari sun taru a kan magana ɗaya: ba mai ramin da zai aiko da dutse mai gashi bai faɗa ba. Saboda haka ko dai an gaya wa Lelio ya yi girman kai, wanda irin wannan ba a ba shi coci, ko kuma mai ramin ya ɓoye. In mun kawo takardar rantsuwa daga gare ka cewa ba ka faɗa ba, za a ba Lelio wani dutsen ya sake. In ba mu kawo ba kafin azumin Ista, an gama da shi.

To ka rubuto. Ka ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka ji ba, ko ka ce ka manta. Me zai rage ka? Kai tsoho ne, a kan tsauni kake, wa ya san ka? Masu yin turmi ba za su daina zuwa wurinka ba. Shi kuwa shekararsa ashirin da bakwai. Kwana biyu ke nan bai ci komai ba, yana zaune da guntayen hannun a gabansa yana jera su. Kai ka aiko da dutsen, kai za ka gyara.

Ortensia

Torano, 15 ga Disamba, 1673

Tensa,

Muna lafiya. Na yi baƙin ciki da jin labarin yaron, har na kasa fita rami ranar.

Na sa Fada ya karanta min wurin nan sau biyu, inda kika ce wa ya san ni. Shekara arba'in da ɗaya ina yanka dutse. Ba ni da shago, ba ni da Kardinal, ban iya rubuta sunana ba. Abin da nake da shi, in na ce dutse lafiyayye ne, mutum goma sha huɗu za su shiga ƙarƙashinsa da igiya ba tare da sun sake tambaya ba. In na rantse cewa na ɓoye gashi, ko ban ji shi ba, gobe wace mata ce za ta bar mijinta ya bi ni? 'Ya'yana biyu a ramin nan suke ci. Ke a wurinki wannan duk turmi ne.

Duk da haka, saboda yaron, na ce wa Fada, "In na faɗa za ka rubuta?" Ya ce, "Pellegrino, na rubuta maka hammata, na rubuta maka tukunya, amma ba zan rubuta rantsuwar ƙarya ba. Nemi wani." Duk Torano shi kaɗai ya iya alƙalami. Na ji daɗin amsarsa, ba zan ɓoye miki ba.

Wakilin ya ce hanya biyu ce. Ya yi kuskure, uku ce, kuma ta ukun tana cikin akwatinki. An faɗa, yaron bai ji ba, don wadda aka ba saƙon ta fi ƙarfin saƙon. Ki ɗauki takardata ta Oktoba da ta Mayu, ki sa rigarki ta zuwa coci, ki je gaban Kardinal ki karanta su da bakinki. Za su wanke Lelio tas. Ke ce ba za su wanke ba.

Kin ce ba wasa kike ba a kan yaron nan. To mu gani. Dutse mai shuɗin yana nan, na hana kowa.

Pellegrino

Rum, 6 ga Fabrairu, 1674

Yaya Pellegrino,

Ina fata kuna lafiya. Ƙafar ta hana ni fita kwana goma, yanzu da sauƙi.

Wata guda na yi da takardarka a ƙarƙashin matashi ina tsine maka. Ranar Litinin da ta wuce na je. Ban gaya wa Lelio ba, a can ya same ni, don wakilin ya aika a kira shi.

Kardinal yana cin abincin rana da mutane takwas. Bai ce in zauna ba. Na karanta ta Oktoba. Da na zo layin, sai ya ajiye wuƙa ya ce, "Tsaya, uwargida. Ke me kika ɗauka yana nufi?" Na faɗa masa. Ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ya ce, "Sake karantawa, don Allah, wannan bai ji ba." Na sake. Sai da na karanta sau uku. Mutanen da nake ganin sun fi ku, haka suke, Yaya, bakinsu cike da nama suna nuna ni da ƙashi.

Da na zo kan ta Mayu ba wanda ya yi dariya. Wakilin ya tambayi ranar da ta iso, na faɗa. Ya ƙirga da yatsu ya ce, "Wata biyar kafin a buɗe." Lelio yana tsaye a bakin ƙofa. Ban juya ba, amma na ji lokacin da ya fita.

An ba shi aikin. Kardinal ya ce a kawo mai shuɗin, Lelio ya sake Pomona, maganar coci kuma tana nan. Ni kuwa, yanzu in na bi ta kasuwa mata sai su ɗaga hannu sama su leƙa hammatarsu. Mai kifi ma ta yi min, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. Na daina zuwa cocin unguwarmu.

Ka saukar da dutsen bayan Ista. Duk abin da za ka faɗa a kansa, ka sa limaminka ya rubuta sunan Lelio a bayan takardar, a kai shago. Can ya koma da kwana. Jiya na kai masa miya da kaina, da wannan ƙafar. Ya buɗe ƙofa, ya karɓi kwanon, ya ce, "An gode, uwargida." Na ce, "Lelio, ni ce fa." Ya ce, "Na sani." Ya rufe ƙofar a hankali don kada ta buge ni.

Ortensia